Kajin Yunwa na Dakta Basiru

Shari'ar farko da Basiru ya tsaya a gaban mai unguwa, a kan ƙwai guda ɗaya ce, kuma shi ya sha ƙasa.

Yana ɗalibi a Zariya a lokacin. Ya zo hutun damina da wando mai faɗin ƙafa da sabuwar reza a aljihu. Maƙwabciyarmu Furera kuwa tana da wata jar kaza da ta fara kwanci a ƙarƙashin rumbu. Basiru ya zura hannu ya zaro ƙwai ɗaya, ya yanka masa 'yar taga a gefe, ya kafa ido. Da a nan ya tsaya, da babu wanda zai ji labari. Sai murna ta ɗebe shi, ya je ya kirawo mai ƙwan da kansa.

"Inna Furera, zo ki ga ikon Allah. Ko ƙafa ba a yi masa ba tukuna, amma ga zuciya nan tana bugawa."

Furera ta leƙa, ta ga wani ɗan jan abu yana motsi. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Wa ya ce ka buɗe masa ɗaki?"

"Yanzu zan rufe, Inna."

Ya liƙe tagar da filasta ya mayar. Kazar ta karkata kai ta dubi ƙwan da ido ɗaya, ta sa baki ta mirgino shi waje.

Mai unguwarmu na wancan zamani, Dallatu, mutum ne mai son shari'ar da babu jini a cikinta. Basiru ya ce zai ba Furera ƙwai biyu a madadin ɗaya. Ta ce ita ba ƙarar ƙwai ta kawo ba.

"Rai ne, ranka ya daɗe. Shi da bakinsa ya ce akwai zuciya. Ya raba ɗa da uwarsa, ya bar min maraya a tsakar gida."

Basiru ya gyara murya, ya yi bayani mai tsawo cewa a Zariya kullum haka ake yi, kuma ɗan tsako yana fitowa lafiya lau in dai ya samu ɗumi.

"Ɗumi kawai?" in ji Dallatu.

"Ɗumi kawai, ranka ya daɗe."

"Irin na me?"

"Kamar na jikin mutum, da ɗan ƙari kaɗan."

"To ai magana ta ƙare. Kai mutum ne. Ƙarin kuma sai ka sa riga biyu."

Haka Basiru ya karɓi ƙwai ya sa a hammatar hagu. Ya yi ta yawo a gari hannu a manne da haƙarƙari kamar mai maruru, ga riga biyu, ga gumi. A zaune yake barci ya jingina da bango. Sallolinsa a ɗaki yake yi, a hankali, hannu ɗaya ƙasa-ƙasa. Ranar Juma'a ce ta kashe shi. Liman ya yi kabbara, Basiru ya manta ya ɗaga hannu biyu kamar kowa, ruɓaɓɓen ƙwai ya sulluɓo ya fashe. Waɗanda suke sahu ɗaya da shi sun ce sun idar da sallar, amma ba su tsaya addu'a ba. Tun daga ranar sunansa a garinmu Mai Kwanci, kuma duk digirin da ya tara daga baya babu wanda ya iya goge shi.

Ni ƙanwar kakarsa ce. Kenan mijina ne na wasa, ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da izinin fushi.

Uwarsa Rahmatu ta ɗauki cikinsa a shekarar yunwar nan ta kafin a ba mu mulkin kai, lokacin da muka cinye tafasa da rama har muka koma kan ganyen da akuya take tunani kafin ta taɓa. Da aka haife shi, ungozoma ta juya shi a tafin hannu ta tambaya ko akwai saura a ciki. Ya rayu, amma bai yi tsawo ba. Bayansa da 'yan shekaru aka haifi ƙaninsa Muntaka, a shekarar da gyaɗa ta yi kyau har ana ba jakai ƙuliƙuli. Muntaka ya tashi kamar giginya. A gidan kowa ƙane ne yake jiran wansa ya tsufar da riga. A gidansu Basiru ne yake jiran ta Muntaka. In suka je kasuwar Shanono, sai a ce wa Muntaka ya riƙe hannun yaron kada ya ɓata.

Wani yaron da sai ya yi kuka ya haƙura. Basiru tambaya ya ɗauka. Uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya, me ya sa? Ya tambayi malaminsu na allo, aka ce ikon Allah ne. Ya ce ya yarda, amma ta wace hanya ikon ya biyo? Ya sha bulala. Ya kai tambayar makarantar boko, daga nan Zariya, daga nan ƙasar Turawa, inda suka yi shekaru suna ciyar da shi don ya riƙa leƙa ƙwai. Aikinsa a can, in ji shi, gano yadda ruwan ƙwai, wanda ba shi da gaba ba shi da baya, yake sanin inda zai sa kai da inda zai sa ƙafa. Na ce masa ni na haifi takwas ban taɓa gaya wa ko ɗaya inda zai sa kai ba, kuma babu wanda ya fito da shi a gwiwa. Ya ce to wannan ɗin ne abin mamakin.

Da ya dawo da sunan Dakta, ya zo gaishe ni, na sa shi ya zauna ya faɗa min abin da ya samo da Hausar da ake sayen gishiri da ita. Ya ce sunan ilimin efijenetik. Na ce sunan ya fi shi tsawo.

"Uwargida," in ji shi, don haka yake kirana in yana son in saurara, "ki ɗauka abin da mutum yake gada a jikinsa daga iyaye gida ne mai ɗakuna da yawa. Ni da Muntaka kusan gida iri ɗaya aka bar mana. Amma ba kowane ɗaki ne yake a buɗe ba. Tun yaro yana ciki ake sa wa waɗansu ɗakunan kwaɗo, a bar waɗansu."

"Wa yake sa kwaɗon?"

"Abin da uwa ta ci yana ciki. Da abin da ba ta ci ba. In jiki ya ji ana yunwa a waje, sai ya rufe ɗakunan da za su ci abinci da yawa."

"Kai ɗakin tsawo aka rufe maka kenan."

"Haka nake zato. Abin da nake son sani, ko kwaɗon yana wucewa. Uwa ta ji yunwa, ɗa ya fito da alama, wannan an fara gani. To jika fa, wanda shi bai ji yunwa ba, uwarsa ma ba ta ji ba? In ya fito da alamar, kenan yunwar shekara ɗaya tana cin gida uku."

Wannan ita ce tambayar da ya ɗora rayuwarsa a kai: jika. Da mutane ba zai iya gwadawa ba, don mutum ba ya saurin yin jika, kuma ba ya son a auna masa tuwo. Sai kaji.

Ya kama aiki a jami'a, aka ba shi ɗakin gwaje-gwaje da injin ƙyanƙyasa mai girman akwatin amarya. Sai shekarun nan suka shigo, waɗanda gwamnati ta ce kowa ya tsuke ɗamara alhali babu sauran ƙugun da za a ɗaura ta. Abokan aikinsa waɗansu suka tsallaka ƙasashen waje, waɗansu suka mai da motocinsu kabu-kabu, wani farfesa ya koma kiwon awaki a bayan gidan ma'aikata. Wuta kuwa ta zama baƙuwa. In Basiru ya jera ƙwai a inji, sai a ɗauke ta, ƙwai ya huce, ya fara daga farko. Da abin ya ishe shi, sai ga shi a garinmu a bayan akori-kura, a zaune kan buhunan masara, kwandunan kaji sun kewaye shi. Matarsa ta ce ita tana nan a birni, in kajin sun gama karatu a aiko mata.

Na tare shi a ƙofar gida. "Mijina, korarka aka yi?"

"A'a. Inji na zo nema wanda ba a ɗauke masa wuta."

Ya gina akurki biyu a gidan uwarsa. Na dama kajin ƙoshi, su ci su bari. Na hagu kajin yunwa, rabin ciki kawai, ba don su mutu ba, don dai su san ana wahala. 'Ya'yan kowane ɓangare kuwa, in an ƙyanƙyashe su, ci za su yi har su ƙoshi, haka ma jikoki. Sai a auna a gani. Kowace kaza da zobe a ƙafa, kowane ƙwai da lamba ta fensir, ga sikeli ya rataya a reshen darbejiya yana ɗora su ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen gyaɗa. Mutanen gari suka riƙa zuwa kallo. Waɗansu tausayin na hagu suke ji. Mafi yawa dai a gaban na dama suke tsayawa, suna kallon masara tana shiga bakin kaza.

Bayan 'yan watanni sai sikeli ya fara faɗar abin da ba a tambaye shi ba. Kajin yunwa sun fi kajin ƙoshi nauyi. Basiru ya auna ya sake aunawa, ya canza sikeli, ya aro na masu hatsi. Har ya fara tafiya yana magana shi kaɗai, yana ganin ya gano abin da zai girgiza duniya: yunwa tana sa ƙiba. Sai wata safiya ya dawo daga masallaci ta ƙofar baya, ya tarar da Rahmatu a tsugune gaban akurkin hagu da ƙwaryar tsaki.

"Inna, me kike yi?"

"Abin da kake gani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da suka fara kuka. A gidana suke. Ranar lahira ni za a tambaya, ba jami'a ba."

Bai iya yi mata faɗa ba, uwa ce. Ya zagaya gari yana neman wanda zai iya kallon kaza tana kuka bai ba ta komai ba. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai a nuno masa tawa. Ban ji haushi ba. Mutum ya yi shekara sittin da wani abu ana zaginsa da hali, ranar da aka zo neman halin da girmamawa ai sai ya shimfiɗa tabarma. Aka kawo sababbin kajin yunwa gidana. Suna kuka ina cin goro. Sikeli bai sake yin ƙarya ba.

Damina ta zagayo, kajin gidana suka yi ƙwai, ya kwashe ya sa a ƙarƙashin waɗansu kaji masu kwanci a gidan uwarsa, ya koma jami'a duba jarrabawa. A nan Furera ta sake shigowa rayuwarsa. A wurinmu kowa ya san zabuwa ba ta iya reno, ta yi ƙwai a jeji ta manta da shi. Saboda haka da damina, in kaza ta fara kwanci, ƙwan zabo ake sa mata, don zabo ya fi kaza daraja a kasuwa. Furera ta leƙo ta ga kaji har huɗu, lafiyayyu, suna ɓata zamansu a kan ƙwan kaza, ƙananan ma. Tausayin yaron ya kama ta, ta ce boko ya cinye masa wayo. Ta kwashe masu lambar fensir ta dafa ta aika talla Rimin Gado, ta zuba na zabinta, ba ta gaya wa kowa ba, don alherin da aka yi shela a kai ladansa raguwa yake yi.

Basiru bai dawo ba sai bayan ƙyanƙyasa. Kafin ya sauka daga mota labari ya riga shi: 'ya'yan kajin yunwa sun fito zabi. Gari ya cika. Mutane suka zo daga Shanono, waɗansu daga Watari a kan keke, su ga yadda Dakta ya juya kaza ta koma zabo da yunwa kawai. Wani dattijo ya ce shi dama ya daɗe yana zargin haka, don bai taɓa ganin zabo mai kwanciyar hankali ba. Magidanta suka fara hana kajinsu tsaki, abin da dama suke neman dalilin yi.

Basiru ya hau kan turmi don a gan shi, ya ce ƙarya ne, kaza ba ta zama zabo. Aka ce ga su nan a gabansa. Ya ce musanya aka yi. Aka ce tawali'u ne irin na masu ilimi. Da Furera ta fito ta ce ita ta sa, sai aka ce hassada ce, tana son ta raba suna da shi. Har yanzu a ƙauyukan bayan dam ɗin Watari akwai masu rantsuwa cewa da idonsu suka gani. Duk abin da ya gano na gaskiya a rayuwarsa, babu wanda ya yi nisan tafiyar da wannan ƙaryar ta yi.

Karo na uku ya ƙi matsawa ko nan da can. Ya sa kwaɗo a akurki, ya rataya makulli a wuya. Ya kawo ɗalibansa suna taya shi, manya da su, masu gemu da masu mayafi, suna bin kaji a tsakar gida da sikeli. Wannan karon 'ya'yan suka fito kaji, kamar yadda Allah ya tsara. Kuma abin da yake zato ya fara bayyana: 'ya'yan kajin gidana, duk da cin da suke yi, ba su kamo 'ya'yan na ƙoshi girma ba, kuma haɗama gare su, in an zuba masara sai su hau kai su baje fiffike kamar za a ƙwace. Ya rubuta ya aika, aka buga a wata mujallar Turawa. Ya nuna min shafin. Na nemi sunana ban gani ba.

Saura jikoki. 'Ya'yan nan suka girma suka fara ƙwai, kuma a cikin wannan ƙwan amsar take. Labari kuma ya zo masa cewa a can ƙasar da ya yi karatu akwai masu bin wannan tambayar da ɓeraye. Ɓera ya fi kaza saurin yin jika, su kuma ba a ɗauke musu wuta, ba su da Furera. In ya rasa wannan zubin, masarar da zai sake wani babu, kuma za a riga shi.

A shekarar ce ruwa ya yi mana wasa. Ya sauka da wuri muka shuka, ya ɗauke shuka ta ƙone, muka sake shukawa da irin da ya kamata mu ci. Kafin gero ya fid da kai rumbuna sun zama ɗakin kwanan ƙadangaru. Takin zamanin da aka ce an aiko mana ya ɓace a hanya. Gidaje suka koma ci sau ɗaya. A duk unguwarmu babu mai cin abinci a kan lokaci sai kajin Basiru. Matar Muntaka kuwa, Bilki, tana da ciki ya fara nauyi.

Ina gidan ranar da Muntaka ya tare shi a bakin akurki. Ya sunkuyo, don in zai yi wa wansa magana sai ya sunkuyo.

"Yaya Dakta, kajinka suna cin masara, iyalina suna cin dusa."

"Na sani, Muntaka. A ba ni zuwa kaka. Su ƙyanƙyashe, su ɗan tasa in auna, shi ke nan."

"Cikin ba zai jira kaka ba. A yanka su a huta."

"Shekara nawa nake bin abin nan?"

"Mu ma tare muke binsa. Mu ne masu kallo."

Basiru ya juya zai shiga akurki, sai idonsa ya faɗa kan Bilki. Maza sun ci sun tashi, yara sun ci, tana zaune gefen murhu tana kankare ƙanzon tukunya da cokali, a hankali, don kada a ji ƙara. Awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Mutumin da ya yi shekaru yana auna kaza da ido kafin ya ɗora ta a sikeli, ya tsaya yana kallonta har ta ji kunya ta ja mayafi. Ya waiwaya wurin uwarsa.

"Inna, lokacin da kike da cikina, haka kike?"

Rahmatu ta dubi surukarta sama da ƙasa. "Na ɗan fi ta ƙiba."

Ya ciro makulli daga wuya ya shiga. Ya jima a ciki. Da ya fito, ya cire hularsa ya cika ta da ƙwai, kowanne da lambarsa. Ya ce wa Muntaka ya ɗauki buhunan masara ya kai ɗakin Inna a raba wa gida. Kajin kuma kada a yanka, nama kwana kaɗan ne. A sake su su yi kiwo, a haɗa musu da gara da dusa, duk ƙwan da suka yi na Bilki ne, kullum, har ta sauka, har ta yaye.

Jikokin kaza kenan a cikin hular nan, kuma ba a taɓa ƙyanƙyashe su ba. Masu ɓeraye suka riga shi, su aka sa a jaridu, shi kuma in sun rubuta nasu sukan ambace shi a ƙasa-ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wai wani a Afirka ya taɓa farawa da kaji. Ya koma jami'a ya ci gaba da koyarwa har ya zama farfesa, ya yi furfura, tsawo dai bai ƙaru ba. Ɗaliban da suka bi kaji a tsakar gidanmu su ne suka watsu da tambayarsa. Kamilu yana ƙasar waje, shi ma ya koma ɓera, Allah ya shirye shi. Zuliha, wadda kaza ta taɓa tsaga wa mayafi, yanzu ita ce babba a wani sashe da yake bin abincin masu ciki da girman jarirai, kuma ɗalibanta sun fi kajin da muka yi yawa. In sun zo gaisuwa suna kirana shugabar sashen yunwa. Ina amsawa, don na yi aikin.

Amma a ranar da ya fito da hular nan babu wanda ya san wannan. Abin da muka gani kawai, namiji ya miƙa wa mai ciki ƙwai. Bilki ta ɓoye hannu a mayafi. Rahmatu ta yi salati.

"Ashe karatun bai kai ka nan ba? Mai ciki ba ta cin ƙwai. Ɗan ɓarawo zai fito."

"Inna, babu wannan a ko'ina."

"Akwai shi a nan."

Furera, wadda kunnenta yake kwana a kan katangarmu, ta leƙo. "Ko ya fito da sanƙo. Na ga wanda aka yi wa haka a Watari, kansa kamar ƙoƙo."

Muntaka dama nama ya sa rai, ƙwai bai shiga lissafinsa ba. Ya ce, "Yaya, masara na karɓa, na gode. Amma ni ba zan haifi ɓarawo ba. A yanka kajin dai, ta sha romo."

Basiru ya fara bayanin abin da yake cikin ƙwai, da yadda yake gina ƙashi da ƙwaƙwalwa. Rahmatu ta ce ƙwaƙwalwar ce matsalar, ɓarawo ai da ita yake aiki. Ya canza hanya.

"To waɗanda suka sace mana takin bana, duk 'yan ƙauye ne irinmu. Wace uwa a cikin iyayensu ta ci ƙwai?"

"Ka san iyayen nasu ne?" in ji Furera. "Wataƙila a ɓoye suka ci. Ga sakamako nan."

Ni ina gefe ina kallo. Na ga ya fara gumi, hula cike da aikin shekaru a hannunsa, ya sadaukar da shi an ƙi karɓa. Na ce masa, "Mijina, mayar da su ƙarƙashin kaza, ita ba ta musu." Bai ko kalle ni ba. Muryoyi suka hau juna, maƙwabta suka fara shigowa, kowace da labarin wata da ta ci ƙwai ɗanta ya ƙare a gidan yari. Bilki kuwa, wadda a kanta ake yi, idonta yana kan hular.

Waɗanda suke wurin suna tuna cewa a ƙarshe Rahmatu ce da kanta ta tashi ta hura wuta ta ɗora tukunyar dafa ƙwan, Furera kuma ta sauka daga katanga. Abin da ya jawo haka, Basiru ya ajiye hular a gaban Bilki, ya taka ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Muntaka, wato kafaɗarsa da haƙarƙarin Muntaka. Ya bari kowa ya kalle su sosai, sannan ya ce:

"Na yarda, Inna, ɓarawo ne. Saura ku zaɓa masa ƙafa. In ta ci, irin ta Muntaka zai yi, ya haura katanga ya tsira. In ba ta ci ba, yunwa ce za ta sa shi satar, kuma da irin tawa zai yi ta, tun a zaure za a riƙa kama shi."